Gansakukar da Yaya Ke Kiwo

A unguwarsu babu mai kiran yayana da sunansa. Mai Gishiri ake ce masa, saboda duk rigar da ya sa, kafin azahar farin zane ya fito a hannunta da gabanta kamar an goga alli. Ni Yaya nake ce masa. Shi kuma tun ina ƙarama Sarkin Faɗa yake ce mini, ban kuma taɓa musa masa ba.

Da gyaran famfo ya fara. Wata rana aka kira ubangidansa wani otal, wai bututu na yoyo a ƙarƙashin wani ƙaton tankin gilashi da ke falon karɓar baƙi. Ubangidan ya leƙa ya ga kifaye masu launi iri-iri, ya ja da baya, ya ce shi ba zai taɓa ba, kada ɗaya ya mutu a ɗora masa. Yaya ne ya kwanta a ƙasa ya shige ya gyara. Tsohon da ke kula da tankin, wani baƙo mai ciwon baya, ya tsaya yana kallonsa, ya ga ba shi da gaggawa, ba shi da surutu, sai ya riƙe shi. Da tsohon ya koma ƙasarsu, aikin ya zama na Yaya. Daga otal aka san shi a banki, daga banki sai ɗakin jiran wani likitan haƙori, sai gidajen masu hali. Haka ya yi rayuwarsa, da bokiti a hannu ɗaya, tiyo a kafaɗa. Bai taɓa zuwa bakin teku ba, amma da hannunsa yake haɗa ruwan teku. Gishiri ne na musamman da ake sayarwa a buhu, a zuba a durom da ruwan da aka tace, a bar inji yana juya shi har ya narke, a auna, a sake aunawa.

Nasa tankin yana falonsa, tsawonsa ya kai gado. A cikin ɗakin ya haɗa shi, gilashi bayan gilashi. Abin da ke ciki duk tsintuwa ne. In murjani ya karye a tankin wani mai kuɗi aka ce a zubar, sai Yaya ya sa gutsuren a leda da ruwa ya kawo gida, ya manna a jikin dutse. Ni da na ɗauka murjani abin wuya ne kawai. Ashe dabba ne mai rai, yana ci, yana girma, yana fushi ma, don in ruwa bai yi masa ba sai ya tsuke. Gutsuren da bai fi kan yatsa ba, a hannun Yaya ya zama kamar reshen bishiya. Akwai kore, akwai ruwan hoda, akwai wani mai kama da kunnen giwa da ke kaɗawa in ruwa ya bi ta kansa. Matarsa, Allah ya jiƙanta, talabijin ɗin Malam take ce wa tankin. Takan ce tashar ɗaya ce, kuma ba a labarai.

Duk wanda ya shigo gidan, saman yake kallo ya ce masha Allah. Ni ce mai buɗe-buɗe, ni na buɗe kabad ɗin da tankin ke zaune a kai. Wani akwatin gilashi na tarar a ciki, mummuna, an raba shi gida-gida. Ruwa na saukowa daga sama ya bi ta cikin soso. Daga nan ya shiga wani inji mai tada kumfa, wanda ke tara baƙin datti a kofi, mai wari kamar kwata. Daga nan ya ratsa wasu duwatsu masu huji-huji da suka yi baƙi-baƙi. A gida na ƙarshe kuma ga wata ƴar fitila a kunne, a ƙarƙashinta gansakuka ce cunkus, kore shar, ta cukurkuɗe kamar gashin da aka daɗe ba a taje ba.

Na ce, “Yaya, wannan ƙazantar fa? Kai da ake biya ka kashe gansakuka a gidan mutane, kai ne kake kunna mata fitila a naka?”

Ya ce, “Rufe bakinki, ƙuda zai shiga. Kashin kifi da ragowar abinci, su ne abincinta. Ko kin so ko kin ƙi, sai ta fito. To ni na ba ta ɗaki a ƙasa, na ba ta haske, ta ci ta ƙoshi a nan. Kafin ruwan ya koma sama ta cinye komai, ta sama ba ta samun abin ci.”

“Kiwonta kake yi ke nan.”

“Kiwonta nake yi. In ta yi yawa in yage dunƙule ɗaya in zubar.”

Ya nuna mini duwatsun ya ce akwai ƙananan halittu a jikinsu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar da ke cikin ruwan. Ba a wanke su da ruwan famfo, balle sabulu. In sun toshe, a ɗebi ruwan tankin a bokiti a ɗan girgiza su a ciki, a mayar. Shekara da shekaru suka ɗauka kafin su zama haka. Ya ce, “Na sama ado ne. Wannan shi ne tankin.” Na ce oho dai, wari yake yi. Amma na riƙe maganar.

Da matarsa ta rasu ya daina fita aiki. Gidajen da yake zuwa ya bar wa wasu, ya zauna. Dama can ba mai magana ba ne, sai abin ya ƙaru. Amma yana tashi da safe, yana goge gilashi, yana zubar da kofin datti, yana haɗa ruwa. Yana zuwa shagon kusa ya sayi burodi, mai shagon ya tsokane shi ya ce ina labarin surukansa na cikin ruwa. In na rufe shagon ɗinkina da yamma nakan biya, in same shi a durƙushe gaban kabad da tocila a baki.

Ɗansa guda ne, Dogo. Yana aiki a wani kamfani, yana zaune da matarsa da yara a hawa na sama a wani dogon gini can ƙarshen gari. Tun bayan rasuwar ya fara: Baba ka dawo wurinmu, ga ɗaki nan babu kowa.

Yaya ya ce, “Tankin fa?”

“A sayar mana, Baba.”

“Wa zai saya? Ko ƙofa ba zai bi ba.”

“To a kwashe na ciki a sa a ƙarami.”

“Murjani ba ya hawa bene.”

Haka suke yi duk zuwan Dogo. Ni kuwa ina bayan Yaya, kuma na faɗa wa Dogo ido da ido. A gidansa Yaya mutum ne, yana da abin da yake tashi dominsa, yana da maƙwabta masu yi masa ba'a. A bene kuwa kujera za a ƙara a falo. Dogo ya ce, “Gwaggo, ke komai sai kin mai da shi yaƙi.” Na ce ƙwarai kuwa. Kowa dai ya san inda maganar ta tsaya: muddin murjanin nan na raye, babu mai ɗaga Yaya daga gidansa.

Sai ciwo ya zo. Mai shago ne ya ga hantsi ya yi Yaya bai zo sayen burodi ba, ya leƙa, ya same shi a ƙasa kusa da durom. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita, amma da sauƙi. Hannun hagu ya mutu, ƙafa tana ja, harshe ya yi nauyi. Na rufe shago na tare a asibiti.

Ranar da ya fara iya haɗa magana, bai tambayi inda yake ba. Cewa ya yi, “Akwati.”

Na fita baranda na samu Dogo yana danna waya. Na ce ya ajiye wayar ya dube ni. Na ce, “Abincin kifi ɗan mitsitsi, abin da yatsa biyu suka ɗauka. In ruwa ya ragu, a ƙara daga farar jarka, ba daga famfo ba. Kabad ɗin ƙasa kuwa kada wanda ya taɓa. Ko wari yake, ko me kuka gani a ciki, ku bar shi. Ka ji ni?”

“Na ji, Gwaggo.”

“Maimaita.”

“Haba Gwaggo, ni yaro ne?”

Ya miƙa wa matarsa makullin gidan, ya faɗa mata zancen abinci da na jarka. Na kabad bai faɗa ba.

Matar Dogo ba muguwa ba ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Mace ce mai tsabta, irin wadda in ka ajiye kofi kafin ka waiwaya ta wanke shi. Ta ji likita ya ce in an sallami mara lafiya a kai shi wuri mai tsabta, sai ta ɗauko ƙanwarta suka shiga gidan da tsintsiya da buroshi, wai su yi wa Baba bazata. Suka wanke labule, suka shanya katifa, suka goge fanka. Suna cikin goge ƙasa sai suka ji wari, suka bi shi har gaban kabad.

Washegari na je ɗauko wa Yaya kayan sawa. Tun daga ƙofa warin bilic, ruwan nan mai faranta kaya, ya tare ni. Ruwan tankin ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Kifayen sun taru a sama suna buɗe baki, wasu sun riga sun juya ciki. Murjanin duk ya tsuke, wani abu kamar majina na fita daga jikinsa. Na durƙusa na buɗe kabad. Akwatin yana ƙyalli. Duwatsun sun yi fari sol. Gidan gansakuka babu komai sai ruwa, fitilar a kashe.

Ita tana kicin tana jera kwanuka. Ta leƙo da fara'arta ta ce, “Gwaggo, sannu da zuwa. Kin ga aiki? Wallahi abin da muka kwaso a ƙarƙashin nan, ba ki gani ba. Har tsutsotsi. A ce mutum yana shaƙar wannan, ai dole ya yi ciwo.”

Na ce, “Ina ciyawar?”

“Tana bola.”

“Duwatsun da me kuka wanke?”

“Sai da muka jiƙa su a bilic tukuna, datti ya ƙi fita. Amma mun ɗauraye sosai, Gwaggo, mun ma shanya su a rana kafin mu mayar.”

Duk garin nan an san bakina. Na taɓa tsayar da layin banki gaba ɗaya a kan wata magana da ba ta kai wannan ba. Amma ranar juya mata baya kawai na yi. Na fita na buɗe bola. Ga gansakukar nan a ƙarƙashin ɓawon albasa da ƙurar shara, ta bushe, ta koma ruwan ƙasa. Na tsaya ina kallonta, ban san iya tsawon lokacin ba.

Na kira mai shagon kifin da Yaya ke sayen gishiri a wurinsa. Ya zo da jarkoki a bayan mota, ya leƙa kabad, ya dafe kai. Muka yini muna zuƙe ruwa muna zuba sabo. Ya tsame kifi biyu da suka rage ya sa a leda ya ce zai riƙe su a shagonsa. Na tambaye shi murjanin fa. Ya ce, “Hajiya, sai dai a jira.” Daga yadda ya faɗa na gane.

Cikin ƴan kwanaki naman ya saɓule daga jikinsu, ya bar ƙashi. Matar Dogo, wadda har lokacin ba ta gama fahimta ba, ta tsaya a bayana ta ce, “Amma Gwaggo, ga shi sun yi fari tas, kamar ma sun fi kyau.”

Na ce, “Gawa kike kallo.”

Sai a sannan ta zauna a ƙasa.

Na tare Dogo a barandar asibiti, daidai inda na yi masa bayani. Na ce ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, da gangan ya ƙi faɗa mata? Don na yi wannan tunanin, ba zan ɓoye ba. Shi ne mai son a tashi, ga hanya ta samu. Ya dube ni idonsa ya yi ja, ya ce, “Mantawa na yi, Gwaggo. Ana ta kirana daga ofis, ga maganin Baba, ga yara. Wallahi mantawa na yi.” Na yarda da shi. Da gangan ɗin ma ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan kama. Ya roƙe ni kada a faɗa wa Baba sai ya warke. Na ce ni ba na kwana da irin wannan a ciki.

Na shiga na zauna a bakin gado. Na ce, “Yaya, sun wanke akwatin ƙasa.”

Yana kallon silin. Can ya ce, “Da me?”

“Da bilic.”

“Duwatsun?”

“Har su.”

Ya ce, “To.”

Na jira. Na so ya yi ashar, ya jefar da kofi, ko hawaye ya zubo in samu abin sharewa. Sai ya ce in gyara masa filo. Na gyara. Mai gadon kusa yana sauraron wasan ƙwallo a rediyo, muka zauna muna ji tare har aka tashi. Bai sake ta da zancen ba har aka sallame shi.

Kafin ya dawo gida gansakuka ta hau sama. Babu mai cinye mata abinci a ƙasa, ga mushe ya cika ruwan. Ta rufe gilashi, ta nannaɗe fararen ƙasusuwan nan kamar an yafa musu tsumma. Mai shagon kifi ya ce ana iya farawa daga farko, a sayo sababbin duwatsu, a jira watanni, sannan shekaru. Na dubi hannun Yaya da ke lilo a gefensa. Bokiti ɗaya ba zai iya ɗagawa ba.

Dogo ya riƙo shi suka shigo. Yaya ya ce a ja masa kujera gaban tanki. Ya ce a ba shi abin goge gilashi. Da hannun dama ya share wuri kamar faɗin tafin hannu, ya kara ido, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Ya sa aka matsar da kujerar, ya sake sharewa, ya sake dubawa.

Matar Dogo ta zube a gabansa tana kuka. “Baba, ka yafe mini. Wallahi alheri na nufa. Baba, ka ce wani abu, ko zagina ne ka yi.”

Ya ce, “Tashi, ƴata. Kin sha aiki. Labulen sun yi kyau.”

Ba gatse yake yi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Labulen yake kallo da gaske.

Na ce, “Yaya, mai shagon kifi ya ce ana iya sakewa. Ni zan riƙa zuwa ina ɗaukar bokitin, kai kana daga zaune kana ba da umarni. Dama abin da ka fi iyawa ke nan.”

Bai yi dariya ba, bai kuma dube ni ba. Ya juya wurin Dogo ya ce, “Ɗakin nan da kake faɗa, yana nan?”

Dogo ya ce, “Yana nan, Baba, amma ba sai yau ba.”

“Akwai injin hawa bene, ko matakala ce?”

“Akwai, in da wuta.”

“To.”

Ya sunkuya da ƙyar, ya miƙa hannu bayan kabad, ya zare filogi. Injin ya tsaya. Sai a lokacin na gane ashe duk shekarun nan akwai ƙarar ruwa a gidan, kunnenmu ne ya saba. Shirun ya yi yawa, har ana jin agogon bango. Ƙanwar matar Dogo ta tambaya ko a dafa shayi. Ta je ta dafa.

Yanzu yana can sama. Suna kula da shi, ban ce ba sa yi ba. Ɗakinsa fes, magani a kan lokaci. Jikoki sun saya masa wani jan kifi a ƴar kwalba, irin na ruwan daɗi, suka ajiye a kan tebur kusa da gadonsa. Abin da ya ce kawai shi ne su rage masa abinci. In na je nakan tafi da faɗa cike da bakina, in hau har sama da shi, in zauna. In ce, “Yaya, ya jiki?” Ya ce da sauƙi. In ce, “Kana son wani abu?” Ya ce babu. Sai mu zauna muna kallon taga, inda babu abin gani sai tankunan ruwa a kan rufin mutane. Matar Dogo ta kawo mini lemo tana sunkuyar da kai, in karɓa in sha. In lokacin tafiya ya yi in sauko da faɗan nawa yadda na hau da shi.

Gidan an sa haya. Tankin bai fita ba, don babu ƙofar da zai bi, mai hayar kuma ya ce a bar shi kada a fasa. Kwanan baya na je karɓo tsohon keken ɗinkin matar Yaya da aka manta a sito. Matar gidan ta ce in shigo in sha ruwa. Sun wanke gilashin, sun sa katako a tsakiya. Takalman yara ne a sama, na manya a ƙasa. Ta ce wai ƙura ba ta shiga, ta tambaye ni ko na san inda ake sayar da irinsa, ƙawarta na so. Na ce ban sani ba. Na shanye ruwan, na nemi mai ɗaukar mini keken zuwa bakin titi.